Amsa ga Yaya Lawal kan ƙwallon yaran nan

Assalamu alaikum jama'a. Yaya Lawal na saurari muryarka, ka ce wai ƙungiyar nan da ta kawo wa yaran 'yan gudun hijira ƙwallo da riguna a wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, yaron da bai karya ba me zai yi da ƙwallo. To ni na gane inda ka dosa, so kake ka ce kuɗin sun tafi a banza. Wallahi Yaya ba su tafi a banza ba, in dai akwai mai tsayawa a kai.

Yaran nan fa daga Batsari da Safana da Jibiya aka koro su, wasu a kan idonsu aka kashe iyayensu, irin wannan yaron ka ce ya shiga aji ya natsu, ina, ba zai zauna ba. Amma ka jefa ƙwallo bayan la'asar, kafin ka ce kwabo wuri ya cika, to a nan ne koci zai gane mai gyambo a ƙafa, ya gane wanda ba a sa makaranta ba, da wanda ya fara shaƙar sholisho. Shinkafa kuwa rana ɗaya za ka raba ka tafi ba ka san sunan yaro ko guda ba. Ban ce kar a ba da abinci ba fa, a haɗa duka.

Kuma abin ba yau aka fara ba. Ƙungiyar Right To Play tun 2000 wani ɗan wasan ƙasar Norway ya kafa ta, har sansanonin 'yan gudun hijira take shiga da wasa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma, sashe na 31 maganar wasa yake yi. Kai bar ta Turawa, ƙwallon guragu fa? Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro ta nan Najeriya, waɗanda shan inna ta kama ga su yau suna buga gasa jiha da jiha.

Ni abin da ke ci mani rai fili ne. Fili! Wanda muka tashi muna langa da ƙwallo a unguwarmu, muka wayi gari an kafa duwatsu an yanka shi fuloti fuloti, muka bi masu unguwa, muka rubuta takarda, aka ce a yi haƙuri ana dubawa, yau shaguna ne da gidan bulo a wurin, kuma mutanen da suka yi shiru ran nan su ne ke cewa yaran yanzu sun lalace. To ina za su? Filin Karkanda na Katsina United ne da manyan wasanni, yaro ba zai taka can kullum ba. Har bishiyar darbejiyar da muke hutawa sai da suka sare, kai bari dai in bar maganar nan.

Sai 'yan mata, ban ga an tuna da su ba, ko gaɗa da carafke a samu wata malama ta riƙa tara su a makarantar firamare in an tashi.

Don haka Yaya in sun dawo ran Asabar mu je tare, mu tambaye su wa zai riƙe yaran in sun tattara sun tafi, nawa za su riƙa ba kocin, kuma filin da suke bugawa na wane ne, akwai takarda ko babu.