Me Ya Haɗa Ciniki Da Makamai?

Tambaya: Malam, me ya sa Amurka ke sako maganar yaɗuwar makamai idan ana batun cinikinta da Sin?

Amsa: Ɗan'uwa, kasuwa ce akalar da take ja. A 1985 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar cinikin fasahar nukiliya wadda ba ta yaƙi ba, amma majalisar Amurka ta gindaya sharaɗi. Yarjejeniyar ba ta fara aiki ba sai 1998, bayan Sin ta yi alkawarin daina sabuwar hulɗar nukiliya da Iran. A 1993 ma an ƙaƙaba wa Sin takunkumi kan sassan makami mai linzami M-11 da ta kai Pakistan, aka ɗage a 1994. Ni dai a ganina, kukan kamfanonin Amurka masu ƙera tauraron ɗan'adam, waɗanda takunkumin ya taɓa cinikinsu da Sin, ya taimaka wajen saurin ɗagewar.