Amsa ga ɗana a Abuja: wa ke sa wa ɗan siyasa laƙabi?

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma gode da gaisuwa. Mu nan Jos lafiya lau, sai sanyi. Ka ce mutumin da kuke wa aiki, mai neman shugabancin ƙaramar hukuma a can Abuja, ya sa ku nemo masa laƙabin da za a buga a fosta da riguna, har kun tsaya tsakanin "Garkuwan Talakawa" da "Sabon Gamji". Kana tambaya ko haka al'ada take tun da, wato ko su Sardauna da Malam Aminu Kano su ma zama aka yi aka zaɓa musu nasu. Ba haka aka yi ba, kuma tunda ka tambaya, sai ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Ka fara da gida. Mu ba ma kiran babba da sunansa na yanka. Mahaifiyarka ba ta taɓa faɗin sunan mahaifinka a gabanku ba, haka kuma ba ta faɗin na yayanku, ɗanta na fari. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa sai a ce masa Abba ko Baba, don kada bakin gida ya riƙa ambaton sunan tsoho. Wannan alkunyar ita ce ta bi mu har cikin siyasa. Da yaran Arewa suka shiga makarantar boko aka ce kowa ya faɗi sunan ubansa, da yawa sai suka ba da sunan garinsu ko unguwarsu. Shi ya sa kake jin Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Abubakar Rimi, Sabo Bakin Zuwo. Duk sunayen wurare ne. Balarabe Musa, gwamnan da majalisar Kaduna ta tsige a 1981, sunansa Abdulƙadir, Balarabe kuwa abin da ake ce wa haihuwar Laraba ne. Ka ga tun kafin mutum ya tsaya takara, ba shi ya zaɓi abin da ake kiransa da shi ba.

Sai sarauta, wadda ita ma ba mutum ke ɗaukar wa kansa ba, sarki ne ke naɗawa. Shugabannin Arewa na Jamhuriya ta Ɗaya yawancinsu daga hukumar gargajiya suka fito, kuma da sarautunsu aka san su: Makaman Bida mai kula da kuɗin Arewa, Wazirin Katsina Isa Kaita, Magajin Garin Kano Inuwa Wada, Ɗan Masanin Kano Maitama Sule. Daga baya aka samu Turakin Sakkwato Shehu Shagari a fadar shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, da Tafidan Katsina Shehu Musa 'Yar'aduwa da ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, da ƙanensa Matawalle Umaru da ya hau mulki a 2007. Yau kuma sarautar ta yi yawa, kusan duk wanda ya samu kujera sai ka ji an naɗa masa wani abu cikin shekara guda.

Amma dubi Ahmadu Bello. Ya yi hakimcin Rabah daga 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, Abubakar na Uku ya hau, sai aka naɗa shi Sardauna. Wato sarautar nan ta zo masa ne bayan an kayar da shi, ba a ranar nasara ba. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali a Gusau, aka yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Ya zama Firimiyan Arewa a 1954, kuma da ƙasa ta samu 'yanci a 1960 ya zauna a Kaduna, ya bar mataimakinsa a jam'iyya, Tafawa Ɓalewa, yana Firayim Minista a Ikko. Ya kafa jami'ar Zariya a 1962, ya dage a kan sai 'yan Arewa sun riƙe aikin gwamnatin Arewa, aka kwashi yaran talakawa da na sarakai aka tura karatu da aikin soja. Aka kashe shi a gidansa ranar 15 ga Janairu 1966. Tun daga nan an naɗa Sardauna a Sakkwato da Kano da Katsina da wasu masarautu da dama, amma ka tsaya a tashar Bauchi Road a nan Jos ka ce "Sardauna" kawai, ba wanda zai tambaye ka wanne. Aikinsa ne ya sa sarautar ta zama tasa shi kaɗai a bakin mutane.

Gamji kuma ba sarauta ba ce, kirari ne da ya fito daga bakin maroƙa da mawaƙa, jama'a suka karɓa. Gamji babban ice ne mai faɗin ganye da yalwar inuwa, ayari guda kan sauka a gindinsa. Da ake ce masa Gamji ɗan ƙwarai, masu faɗa suna da abin nunawa: wannan ɗana ne da ya samu karatu, wancan ƙanena ne da ya zama di'o. Har Kiristocin Arewa da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, irin su Sunday Awoniyi da ake ce wa Sardauna Ƙarami, sun mutu suna yabonsa. Ina gaya maka wannan alhali gidanmu 'yan NEPU ne, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu. Kakanka bai taɓa jefa wa jam'iyyar Sardauna ƙuri'a ba, kuma ya san abokansa da alƙalan En'e suka ɗaure don kawai sun yi lacca ba izini. Duk da haka bai taɓa cewa kirarin ƙarya ne ba. Abin da yake cewa shi ne inuwar ba ta kai ga kowa ba.

A nan Jos ɗin ma aka raba gari. A taron Jam'iyyar Mutanen Arewa na Disambar 1950 ne aka nuna wa 'yan NEPU ƙofa, watanni kaɗan bayan an kafa NEPU ɗin a Kano ranar 8 ga Agusta na shekarar. Daga nan masu taken Salama, wato su Sardauna, suka kama hanyarsu, masu taken Sawaba, wato 'yan NEPU, suka kama tasu. Malam Aminu bai nemi rawani ba. Malamin makaranta ne da ya ajiye aiki ya shiga gwagwarmaya, ya yi kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, ya kafa PRP a 1978, ya nemi shugabancin ƙasa bai samu ba, ya rasu a Afrilun 1983 ba tare da ya tara dukiya ba. "Malam" kawai ake ce masa, sai kuma jagoran talakawa, kuma talakawan ne suka faɗa da bakinsu, saboda shi ya koya musu cewa hakimi ba shi da ikon ƙwace musu amfanin gona ko sa su aikin tilas. Haka Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Sunanta Hajaratu. Gambo saboda ta biyo tagwaye, Sawaba kuwa taken jam'iyya ne da ya manne mata bayan ta sha duka da ɗauri a kansa, tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe. Ba su samu wannan dama ba sai a 1976. Duk lokacin da na ji sunan matar nan sai jikina ya yi sanyi, don na san abin da ta biya kafin ya zama nata.

Abubakar Rimi shi aka sani da Limamin Canji. Ya hau gwamnan Kano a 1979 yana saurayi mai kaifin baki, ya soke haraji da jangali, ya buɗe yaƙi da jahilci ga manya, ya kafa jarida da gidan talabijin na jiha. Ya kuma taɓo fadar Kano, abin da ya jawo tarzomar Yulin 1981 da aka kashe mai ba shi shawara, Dokta Bala Muhammad. PRP ta dare biyu, jama'a suka raɗa wa ɓangarorin suna: 'yan Santsi su Rimi da Balarabe, 'yan Taɓo masu tsayawa tare da Malam. Rimi ya koma NPP, ya sha kaye a 1983 a hannun Sabo Bakin Zuwo. Kujera ta tafi, amma har ya rasu a 2010 ana ce masa Limamin Canji, domin wanda aka daina kama ubansa saboda kuɗin haraji ba ya mantawa.

Kada ka ɗauka abin na Hausawa ne kaɗai. Maƙwabtanmu a nan Filato sun sa wa Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko a jihar daga 1979, laƙabin mai 'yantarwa, saboda ya ba ƙananan ƙabilu masarautunsu da sandunansu. Shi ne kuma shugaban PDP na farko, kuma a nan Jos jam'iyyar ta tsayar da Obasanjo a 1999, kamar yadda SDP ta tsayar da Abiola a nan a 1993. Joseph Gomwalk kuwa, gwamnan Binuwai-Filato daga 1967 zuwa 1975, ba a cika jin wani kirari a kansa ba, amma a zamaninsa aka kawo reshen jami'ar Ibadan da ya zama Jami'ar Jos, aka kafa jaridar Standard. Wani aikin yakan tsaya ko ba kirari. A Kudu ma haka, Zik da Awo da ake ce wa Azikiwe da Awolowo gajarta suna ce ta ƙauna, kuma Jagaban da kuke ji kullum a Abuja sarauta ce ta Borgu, Sarkin Borgu ne ya naɗa Tinubu.

Abin da ya kamata mutuminku ya ji tsoro shi ne, bakin da ke yin kirari shi ke yin zambo, kuma ba ya neman izini. Babangida bai roƙi a ce masa Maradona ba. Yawan ɗage ranar miƙa mulki da kauce-kauce ne suka jawo masa, har aka kai ga soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Ministan Abuja na 2003 zuwa 2007, Nasir El-Rufa'i, ya fita da suna Mai Rusau saboda gine-ginen da ya rushe. Wasu na faɗa da yabo don ya kare tsarin birni, wasu na faɗa da kuka don gidajensu ne suka tafi, kuma sunan ya bi shi har gidan gwamnatin Kaduna. Wani gwamnan Jigawa an ce masa Baba Mai Kalkuleta saboda yadda yake ƙididdige kowane kwabo. Babu ɗaya a cikin waɗannan da kwamitin kamfe ya zauna ya tsara.

Ko laƙabin yabo ma nauyi ne. Marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa, talakawa suka sa masa Mai Gaskiya, saboda abin da suka gani a mulkinsa na soja da kuma ayyukan PTF, asusun rarar kuɗin man fetur da ya shugabanta. Da wannan suna suka bi shi a 2003 da 2007 da 2011 yana faɗuwa, suka kwana a rumfunan zaɓe suna gadin ƙuri'a, har ya ci a 2015. To, da sunan nan kuma suka auna shi shekara takwas. Da aka rufe iyaka shinkafa ta yi tsada, da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina, mutanen da suka yi ta ihun "Sai Baba" su ne suka fi kowa jin zafi, domin ba ɗan siyasa kawai suka zaɓa ba, Mai Gaskiya suka zaɓa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Idan mutumin da jama'a suka ba sunan da kansu ya sha wannan awo, ina ga wanda ya buga nasa a wurin mai ɗab'i?

Na san za ka ce zamani ya canza, ga Kwankwasiyya da jar hula, ga masu waƙar kamfe da ake biya su ƙirƙiro take cikin dare ɗaya, ga Facebook da ke yaɗa abu kafin gari ya waye. Gaskiya ne. Amma ko Madugun da ake ce wa Kwankwaso bai zauna ba sai bayan ya yi gwamna sau biyu, 1999 da 2011, ya tura ɗalibai karatu ƙasashen waje, ya gina gadoji, har aka samu ayarin da zai ja. Kana iya son sa ko ƙin sa, ayarin dai yana nan ana gani. Sauran taken da ake bugawa duk zaɓe, su garkuwa da katanga da zaki, ka gwada tuno na shekara takwas da suka wuce, ka ga ko za ka iya kawo biyar.

Saboda haka ga shawarata. "Sabon Gamji" kam ku bar shi, ina roƙonka. Akwai tsofaffi a Karu da Gwagwalada da Zuba da suka ga zamanin Sardauna da idonsu, kuma za su ɗauke shi a matsayin rashin kunya, tun bai buɗe baki ba ya rasa su. "Garkuwan Talakawa" kuma sai ka tambayi kanka wane talaka ya taɓa fakewa a bayansa. Idan akwai, ka je ka nemo su. Ka zauna da 'yan kasuwa da direbobi da matan unguwarsa, Gbagyi da Hausawa da sauran waɗanda ke zaune a wurin, ka saurari abin da suke ce masa in ba ya nan. Watakila Malam ne, watakila Mai Rijiya ne saboda wata rijiya da ya haƙa, watakila sunan unguwarsu ne. Wannan za ku buga, ko da bai yi muku daɗi a kunne ba. Idan kuwa ka zagaya ba ka ji ana ce masa komai ba, ku sa sunansa da na mahaifinsa da hotonsa da kujerar da yake nema, ku rubuta abubuwa biyu ko uku da zai yi waɗanda za a iya ƙirgawa.

Ka faɗa masa cikin ladabi, kai kaɗai da shi, ba a gaban yaransa ba. In ya ƙi ji, ka ci gaba da aikinka tunda amana ka ɗauka, amma ka nemi a ba wani ya rubuta fostar. Ka gaida mahaifiyarka da kyau, ka ce mata ina nan tafe bayan salla in Allah ya kai mu.