Yarinyar da ke mana jifa na kukan kafaɗa, koci ya ce ta ci gaba

Tambaya: Ni mataimakiyar koci ce a ƙungiyar sofbol (wasa ne mai kama da besbol, inda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda) ta wata ƙaramar kwaleji a Amurka, wannan ce shekarata ta biyu. Burina in horar da babbar jami'a, har in kai ƙungiyar ƙasa. Yarinyar da muka dogara da ita wajen jifa ta fara kukan kafaɗa, amma babban kocinmu ya ce jifan ƙasa-ƙasa ba ya lahani. Idan na yi magana ina tsoron a ce ba ni da ladabi, idan na yi shiru ba na iya barci. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki game da ƙaramar kwaleji. Daga ƙaramar kwalejin Central Arizona College koci Mike Candrea ya koma Jami'ar Arizona a kakar 1986, ya ci kofin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sau 8, ya kuma kai Amurka ga zinare a gasar Olamfik ta 2004. Ita ma Patty Gasso a Long Beach City College take kafin ta karɓi horon ƙungiyar Jami'ar Oklahoma a 1995, ga shi yanzu ita aka damƙa wa ƙungiyar ƙasa don gasar Olamfik ta 2028.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganar kocinki. Na gaji da jin ta. Wai tunda hannu daga ƙasa yake sakin ƙwallo, jifan ya dace da halittar jiki, yarinya za ta iya yi kullum. Wa ya gaya musu? Hannun yana kewayawa ne da gudu kamar fanka, kuma da zarar ƙwallo ta fita daga gefen ƙugu dole wani abu ya taka masa birki. Jijiyar ƙwanji da ta ratsa gaban kafaɗa tana cikin masu ɗaukar wannan nauyi, jifa bayan jifa. Ƙarfin da ke fizgar kafaɗar bai yi nisa da na ɗan besbol ba. Amma shi mai jifan besbol na jami'a sau ɗaya yake buɗe wasa a mako, ita kuwa mai jifan sofbol a sa ta Juma'a, Asabar da Lahadi, domin NCAA ba ta ƙayyade yawan jifa ba. Rashin doka ba shaidar lafiya ba ce.

Da ka yi musu sai su kawo maka Yukiko Ueno, 'yar wasan Japan, wadda ta yi jifa 413 cikin kwana biyu a Beijin a 2008 har Japan ta doke Amurka a wasan ƙarshe. Ueno tana da shekara 26 a lokacin, zinaren Olamfik take nema, ga likitocin ƙasa a bayanta. Ina haɗinta da 'yar shekara 19 a farkon kaka? Na taɓa ganin yarinya tana danna babban yatsa a gaban kafaɗa tsakanin zagaye da zagaye, ko gashinta ba ta iya ɗaurewa sai ƙawarta ta ɗaure mata. An ɗora mata ƙanƙara aka mayar da ita fili. Aikin tiyata ne ya kawo ƙarshen wasanta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ki kai yarinyar wurin mai kula da lafiyar 'yan wasa yau, ba sai bayan wasan mako ba. Hukuncin ko za ta buga nasa ne, ba na koci ba. Ki sami littafi ki riƙa rubuta kowane jifa, har da na ɗumama jiki da na atisaye, ki lura ko gudun ƙwallonta ya ragu ko takunta ya gajarce. Sannan ki sami kocin a ofis, ba a gaban 'yan wasa ba, ki nuna masa lissafin cikin ladabi, ki roƙe shi ya bar miki horon mai jifa ta biyu da ta uku daga wannan makon.