Kwana biyu a bakin tabki: wane kaya za mu ɗauka?

Tambaya: Mu huɗu ne, muna son zuwa da mota mu kwana biyu a sansani kusa da tabkin Tabalak cikin Janairu. Me ya kamata mu saya? Daga wani mai karatu a Tahoua.

Amsa: Malam, fara da tanti. In an rubuta na mutum huɗu, ku sani ba a lissafa da jakunkuna ba, na mutum shida ya fi muku. Ya kasance da ragar sauro da shimfiɗar ƙasa a ɗinke, saboda kunama. Turakun da ake haɗowa da shi gajeru ne, iskar hunturu tana tumɓuke su daga rairayi. Ku sa maƙeri ya yanko muku rodi mai tsawon santimita 40, ku kafa a karkace, kan yana kallon waje.

Katifar iska ba mu ba ku shawararta ba, ƙayar aduwa ɗaya ta gama da ita. Katifar soso a kan tabarma ta fi, da bargo ga kowa, don sanyin asuba a bakin ruwa ba wasa ba ne.

Ruwa aƙalla lita 5 ga mutum a yini, wato jarka biyu masu lita 20. Tukunyar gas mai kilo 6 ta isa girki. Kada a kuskura a shigar da garwashi cikin tanti don jin ɗumi: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mai barci.

Ku duba tayar ajiya da jak, ku kuma tambayi jandarmomi halin hanya kafin ku tashi.