Yadda ake kafe taga ta tsaya a saman sauran tagogi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce kana kwafar alƙaluma daga wata takarda zuwa Excel, amma da zarar ka taɓa Excel sai tagar takardar ta ɓuya a baya, kana neman dabarar da za ta sa ta tsaya a gaba. Dabarar tana nan, kuma na daɗe ina aiki da ita.

Idan Windows 10 ko 11 ce a kwamfutarka, shawarata ita ce ka sauke wata manhaja mai suna PowerToys. Kamfanin Microsoft ne da kansa ya fitar da ita, kyauta ce, ana samunta a Microsoft Store, kuma tun farkon shekarar 2022 aka ƙara mata wani sashe mai suna Always On Top. Bayan ka saka ta, sai ka danna tagar da kake so, ka haɗa maɓallan Windows da Ctrl da T a lokaci guda. Za ka ji ɗan sauti, sannan ka ga wani layi mai launi ya kewaye tagar, alamar cewa ta kafu ke nan. In ka gama, ka sake danna maɓallan nan uku ta koma yadda take.

Yana da kyau ka fahimci abin da ke faruwa, domin a nan mutane suka fi rikicewa. Windows tana jera tagogi ne wata bisa wata kamar takardu a kan tebur, wadda ka taɓa a ƙarshe ita ke hawa sama. Abin da PowerToys ke yi shi ne ta sa wa tagar alama ta shiga wani rukuni da ke saman tagogi na yau da kullum. Saboda haka kasancewarta a gaba ba ya nufin ita ke karɓar rubutu. Duk abin da ka buga yana shiga tagar da ka danna ne a ƙarshe, wanda kuwa shi ne daidai buƙatarka, ido na kan takarda, hannu na cikin Excel. Idan ka kafe tagogi biyu, wadda ka taɓa daga baya za ta rufe 'yar'uwarta. Haka kuma idan manhajar da kake son kafewa an buɗe ta da ikon mai kula da kwamfuta (administrator), maɓallan ba za su yi aiki ba sai ka buɗe PowerToys da irin wannan ikon.

Kafin ma ka sauke komai, ka duba manhajar da kake son kafewa da kanta, domin VLC da Task Manager da kalkuletar Windows duk suna da nasu zaɓin na tsayar da taga a sama. Masu Linux kuwa ba sa buƙatar ƙari, danna gefen dama na maus a kan saman taga zai fito musu da wannan zaɓi a GNOME da KDE, wato nau'o'in fuskar Linux guda biyu.

Abin da nake roƙonka shi ne ka guji ƙananan manhajojin da ba a san masu su ba, waɗanda ke cika intanet da alkawarin yin wannan aiki. Bai dace mutum ya ba baƙuwar manhaja damar shiga kwamfutar da ke ɗauke da lissafin aikinsa ba saboda abu mai sauƙi irin wannan. Sannan ka rage girman tagar takardar, ka ja ta gefe guda kafin ka kafe ta, don kada ta rufe maka layukan da kake cikewa.