Amsa ga Gwaggo kan aikin diddige

Assalamu alaikum mutanen gida. Gwaggo, na saurari saƙonki tun da rana, muna sashen gashin ƙashi ne, sai yanzu na samu sarari. Kin ce agarar ƙafarki ta shekara tana ciwo, bayan diddige ya yi ƙulli har takalmi mai rufi ya gagare ki, likita kuma ya ce akwai aikin da ake yi ta ɗan ƙaramin yanka. Kina tambaya ko abu ne mai sauƙi.

To Gwaggo, yankan fatar ne ƙarami, amma fa ƙashi za a yanka. Ita agara a bayan ƙashin diddige take manne, wannan ƙullin kuwa shi ke gugarta duk takun da kika yi. A da sai an buɗe bayan ƙafar, a ɗaga agarar, a kankare ƙashin, a mayar a ɗinke. Fatar wurin ba kauri, jini bai cika isarta ba, shi ya sa miki ke daɗewa. A wannan na yanzu, gefen diddige ake tsagawa kamar santimita ɗaya, a zura ɗan ƙarfe mai juyawa ana kallon hoton ƙashi a na'ura, a cire wani yanki kamar yankan kankana, a haɗe bakin, a ɗaure da kusa ɗaya ko biyu. Sai ƙullin ya karkata gaba, agarar ta samu sassauci, ba a ma taɓa ta ba. Dabarar ba sabuwa ba ce ma, wani likita a Amurka mai suna Zadek ya bayyana ta tun 1939, ƙanƙantar yankan ce sabon abu.

Bayan aiki za ki yi sati biyu ko fiye ba ki taka ƙafar, sai sanduna, sannan babban takalmin asibiti wajen sati shida. Kumburi kan kai watanni. Wasu kan ji gefen ƙafa ya yi dundus in an taɓa jijiyar da ke wurin. Bikin da kike lissafi a wata mai zuwa, a zaune za ki yi shi, Gwaggo, ba rawa.

Ni dai kafin wuƙa, ina so in ji an yi wata uku zuwa shida ana gashi yadda ya kamata: ɗan tudu a cikin takalmi ƙarƙashin diddige, da motsa jiki na ƙarfafa sha-raɓa kullum, ba shafa man zafi kawai ba. Kuma don Allah kar wani mai kemis ya yi miki allurar sitirod a cikin agarar, tana iya tsinke ta. Ciprofloxacin ɗin nan da ake sha wa taifot ma yana raunana ta, ki faɗa wa likita in kin sha kwanan nan.

Sugarki nawa a gwajin ƙarshe? In ya hau, ba ƙashi ba fata, duk ba sa warkewa da wuri. Ki sa yara su ɗauko min hoton ƙashin su turo ta gefe, in duba da daddare.