Cocin katako na Petäjävesi: amsa ga yaron shagona

Yarona, hoton nan da ka nuna mini a waya muna cikin haɗa ƙyauren jiya, ka ce yaya ginin katako zai haura shekara 250 a tsaye, alhali benci da muka yi bara har ya fara lilo. Ka kuma ce wai an ce babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Hannuna na cikin gam a lokacin, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna.

Maganar ƙusa ka ajiye ta tukuna, masu ba da labari ne ke son ƙara gishiri. Abin da yake tabbas shi ne bangon ba da ƙarfin ƙusa yake tsaye ba.

Cocin yana wani ƙauye da ake kira Petäjävesi a tsakiyar ƙasar Finlan, na Kiristoci mabiya ɗarikar Luta, irin waɗanda muke da su a Numan tun zuwan mishan ɗin Denmak a 1913. An gina shi daga 1763 zuwa 1765, lokacin Finlan tana ƙarƙashin sarautar Suwidin. Wanda ya jagoranci aikin kafinta ne ɗan yankin, Jaakko Leppänen, ba wani mai digirin zanen gini ba. A 1821 jikansa Erkki Leppänen ya ƙara hasumiyar ƙararrawa. Ka ga sana'ar gado ke nan. A bakin tafki suka kafa shi, domin da rani mutane a kwalekwale suke zuwa, da hunturu kuma ruwan ya daskare su tako ta kan ƙanƙara.

To ga inda aikin yake. Gungumen itacen fayin, wato pine, wani dogon itace miƙaƙƙe na ƙasashen sanyi, ake sassaƙewa da gatari, a kwantar da su ɗaya bisa ɗaya, a kusurwa kuma a yanka wa kowanne gurbi ya shige cikin ɗan'uwansa. Nauyin da ke sama shi ke danne na ƙasa, gaɓar tana ƙara kamewa. Amma gungume yana da iyakar tsawo, kuma bango in ya yi tsawo ba abin da ya tokare shi, sai ya yi ciki. Dubi hoton da kyau: ginin siffar gicciye gare shi, hannuwa huɗu kusan tsawo ɗaya. Mai ibada alamar addininsa yake gani, ni kuwa kafinta kusurwa nake ƙirgawa. Ɗaki mai murabba'i kusurwa huɗu gare shi, wannan goma sha biyu. Kowace kusurwa maɗauri ce, kowane bango gajere ne. Da haka aka sami fili mai ɗaukar jama'ar ƙauye ba tare da neman itacen da babu shi a daji ba. A tsakiya, inda hannuwan suka haɗu, suka ɗaga ƙubba mai gefe takwas, ita ma ta katako, suna kwaikwayon manyan cocin dutse na biranen Turai da abin da ke hannunsu. Mumbarin kansa sassaƙa ce, an ɗora shi a kan siffar waliyyinsu Kiristofa, aikin hannun mutanen karkara, ba a goge shi ya yi sulɓi ba.

Akwai abin da nake so ya zauna maka a kai fiye da duk wannan. Katako in yana bushewa ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo da ƙyar yake motsi. Bangon da aka jera da gungume a kwance dole ya sauka a shekarun farko, amma dogaran ƙofa da ke tsaye ba za su sauka tare da shi ba. Saboda haka masu irin wannan gini sukan bar rata a saman ƙofa da taga, su cusa abu mai laushi, bango ya sauko a hankali ba tare da ya murƙushe firam ba. Ni sai da na yi asara na gane wannan. Ina yaro kamarka na haɗa wa wani mutum ƙyaure da ɗanyen katako ana tsakiyar damina. Iskar hunturu na kaɗawa ya aiko a kira ni, na tarar yatsana na shiga tsakanin allunan, ana hango tsakar gida daga waje. Maigidana bai ce mini komai ba, kuɗin sabon katako kawai ya cire a ladana.

Sai ruwa. Ginin a kan dutse yake zaune, itace bai taɓa ƙasa ba. Rufin kuma ka ga tsayinsa da gangarensa, an lulluɓe shi da ƙananan alluna masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi, ana shafe su da kwaltar da ake dafawa daga itacen fayin. Ruwa da dusar ƙanƙara ba sa samun wurin kwana. Shafin nan ba sau ɗaya ake yi a manta ba, ana maimaita shi.

Wani abin mamaki, watsi da aka yi da shi ya taimake shi. A 1879 mutanen ƙauyen suka gina sabon coci a ɗaya gefen ruwan suka koma can. Da sun ci gaba da amfani da tsohon kullum, da wani ya zo ya ce a faɗaɗa, wani ya ce a yi fenti, kuma a ganina gyaran gangan ya fi ruwan sama kashe gini. Sai bayan 1920 wani masanin tarihin zane daga Ostiriya, Josef Strzygowski, ya ja hankalin mutane kansa, aka fara gyara na kiyayewa, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1994. Har yanzu ana ɗaura aure a ciki da rani.

Kada dai ka ce za ka yi irinsa a nan. Sanyin Finlan bai bar gara ta rayu ba, mu kuwa ka jingina fayin da ƙasa wata uku ka dawo ka ga aikinta. Shi ya sa kakanninmu suka riƙe azarar giginya a rufin soro.

Gobe ka zo da wuri. Akwai guntayen katako biyu a bayan injin, ka ɗauko zarto da kurfi ka yanka musu gurbi su kama juna a kusurwa, ba gam ba ƙusa. In na ɗaga ɗaya ɗayan ya faɗo, za ka sake.